Motar Mark Ta Mutu a Kan Burji

Litinin, 4 ga Agusta, 7:20 na safe

Yau wata biyar da Baba ya faɗi a banɗaki, ɓarin jikinsa ya shanye, magana ta ɗauke. Wata biyar ke nan ina riƙe da tirelolinsa huɗu masu kai shanu kudu daga nan Mubi. Jiya yayana, Ya Khamis, ya zo daga Maiduguri, ya hakimce a kujerar Baba, ya ce in gas ya ci gaba da cinye ribar motocin nan zuwa ƙarshen damina, sayar da su zai yi, don mace ba ta iya direbobi ba. A gaban Baba ya faɗa, Baba yana ta zubar da yawu.

Na ce masa to. Ni Zenaba, aurena ya mutu na dawo gidan nan da akwati biyu. In motocin nan suka tafi me na zama? Mai goge wa Baba baki. Ba za a sayar da su ba, sai dai in ba na numfashi.

Laraba, 6 ga Agusta, 11:00 na safe

Na tara direbobin a gareji na faɗa musu sabon tsari. An rage wa kowace mota lita ɗari a zuwa Onitsha da dawowa. Ba barin inji a kunne ana shan shayi. A auna iskar taya kafin a tashi. Ba wanda zai wuce saba'in a kwalta. Tsayawa kuma uku ce a hanya, ban da ta shingen jami'ai.

Uku suka yi tsuru-tsuru. Mark ne kaɗai ya buɗe baki, shi da ya ga shekararsa goma sha tara yana jan motar Baba. Mutumin Betso ne, har yau Hausarsa ba ta nuna ba.

"Hajiya, ka yi haƙuri," in ji shi. "Shanu ba buhun masara ba ne. In ɗaya ya faɗi cikin mota, dole mota ya tsaya a ɗaga shi, in ba haka ba sauran zai taka shi."

Na ce, "Masu bin shanun da ke zaune a saman mota aikin me suke yi? Kallon gari? Su sauka su ɗaga ta mota na tafiya."

Ya ce, "Zenaba..."

Na ce, "Hajiya."

Ya haɗiye sauran. Da ina ƙarama Kawu Mark nake ce masa, yana kawo min burodi daga kudu. To, an daina cin burodin.

Juma'a, 8 ga Agusta, 4:15 na yamma

Nasrullahi mai haɗa na'ura ya zo daga Yola ya sa wa motocin tiraka. Yanzu daga wayata ina ganin inda kowace take, da gudun da take yi, da inda ta tsaya. Direbobi har sun raɗa mata suna, wai idon Hajiya. Oho dai.

Da suka watse ya nuna min wani jan maɓalli a cikin wayar. Ya ce in ɓarayi suka ƙwace mota, ina dannawa injin zai mutu, ba mai tayar da shi sai na sake dannawa. Ya ce kar direbobi su san da shi. Ya ce, "Hajiya, maɓallin nan na maganin sata ne kawai, don Allah." Na ce na ji, ai ba yarinya ba ce ni.

Lahadi, 10 ga Agusta, 9:00 na safe

Motar Sulaiman, ɗaya daga cikin direbobin, ta dawo da ragowar gas a tanki. Ashe ana iyawa. Shekara nawa suna shan jinin Baba, munafukai.

Laraba, 13 ga Agusta, 5:30 na yamma

Mark ya yi lodi a tike, wato kasuwar shanu, shanu talatin da biyu. Masu bin shanu biyu na ba shi maimakon huɗu: Bobboi, wani dattijon Bafulatani daga Sahuda, da ɗan'uwansa Bakari. Bobboi ya zo har jikin motata ya ce, "Useko, Hajiya," wai yana godiya da ban cire shi ba. Haƙoransa duk goro.

Na ce wa Mark ina kallonsa. Ya ce Allah ma yana kallo. Ji min mutum.

Alhamis, 14 ga Agusta, 12:40 na rana

Kama ɓarawo ba wuya! Yanzun nan ina gidan su ƙawata Adawiyya ana shirin lallen bikinta, na duba waya, sai ga motar Mark ta wuce Jalingo, kafin garin Mutum Biyu ta sauka daga kwalta ta kama wata hanyar burji ta nufi daji. Me tirelar shanu za ta yi a daji? Gas zai je zuƙewa ya sayar, ba wani abu ba. Kawu Mark mai zuwa coci!

Ya kira sau biyu. Ban ɗauka ba, na san ƙaryar da ya shirya.

Na danna jan maɓallin. Alamar motar ta tsaya cik a wayar. Ya zauna nan rana ta gasa shi har la'asar, gobe ko an ce ya sauka daga hanya ba zai sauka ba. Mai lalle na kirana, bari in sa wayar a jaka.

Alhamis, 6:50 na yamma

Lallen ya kama sosai.

Kira goma sha huɗu. Saƙo ɗaya: "Hajiya ka daga waya Bobboi ne."

Na tayar masa da motar ƙarfe huɗu da rabi, da na wanke hannu.

Juma'a, 15 ga Agusta, 10:05 na safe

An binne Bobboi a wani ƙauye can kan burjin jiya kafin magariba.

Juma'a, 3:00 na yamma

Bakari ne ya ba Ya Khamis labari a waya, ni kuma ina gefe ina ji. Wata saniya ce ta faɗi. Mark ya riga ya cinye tsayawarsa biyu, yana ajiyar ta ukun, sai Bobboi ya ce ya bari kawai, zai sauka cikinsu ya ɗaga ta. Mota ta faɗa rami, wani bijimi ya zabura, ƙaho ya shige masa cinya ta sama. Jini ya ƙi tsayawa. Mark ya san wani ƙaramin asibitin mishan a cikin ƙauye, shi ne ya bi burjin. Saura kilomita shida injin ya mutu.

Ga laka, ga ba kowa a hanyar. Bakari ya yi gudu neman mashin, sai bayan awa biyu ya samo, Bobboi kuma ba ya iya zama a kai. A ƙarƙashin tirela suka kwantar da shi saboda inuwa. Mark kuwa yana can ya kwance filta, yana wankewa, yana tsotsar bututu da baki, yana ta murza makulli. Ƙarfe huɗu da rabi motar ta tashi. Bobboi ya cika tun ƙarfe uku da 'yan mintuna.

Ya Khamis ya juyo ya ce, "Me ya kashe motar?"

Na ce, "Ni bakanike ce?"

Asabar, 16 ga Agusta, 8:00 na safe

Kwana ne ya ƙare. Ko likita na zaune a motar, in kwana ya ƙare ya ƙare. Ni na ce bijimi ya soke shi? Ni na haƙa ramin?

Litinin, 18 ga Agusta, 1:30 na rana

Mun je gaisuwa Sahuda da buhun shinkafa. Matar Bobboi na zaune a tabarma, 'ya'ya biyar kewaye da ita. Wata tsohuwa ta kama hannuna tana juyawa, tana yaba lallen, wai wa ya yi min. Na fizge. Gida duk warin nono da hayaƙi, Allah-Allah nake mu fito.

A waje maza na ta magana. Kowa tambayarsa ɗaya: yaya motar da ta tashi lafiya daga Mubi za ta mutu haka kawai a fili?

Laraba, 20 ga Agusta, 9:40 na safe

Mark ya dawo jiya. Ya kai shanun Onitsha, ya juyo, bai tsaya ko'ina ba sai inda aka tsayar da shi, na gani a waya. Yau da safe ya shigo ofis riƙe da leda. Ya rame, idanunsa sun faɗa. Ya zazzage ledar a tebur: tsohuwar filtar motar ce, baƙi ƙirin da dauɗa.

Ya ce, "Hajiya, ni ne."

Na ɗauka wani abu dabam zai ce. Na ce, "Kai ne me?"

Ya ce gas ɗin da na ba shi ba ya kai shi ya dawo da shi, shi kuma ba ya son ya yi min ƙorafi in ce ya tsufa. Shi ne a Numan ya sayi jarka uku wurin 'yan bumburutu da kuɗin aljihunsa ya ƙara a tanki. Ya san gas ɗinsu da haɗi, ya san da kananzir a ciki, amma shi ne mai araha. Ya ce shi ya toshe filtar, don yana gama wanke ta ba daɗewa motar ta tashi.

"Da ban sa wannan gas ba, da Bobboi yana nan," in ji shi. Ya fashe da kuka, ƙaton mutum, majina har gemu.

Wallahi daɗi na ji. Na rubuta, kuma ba zan goge ba: daɗi na ji.

Na ce, "Ka bar filtar a nan."

Alhamis, 21 ga Agusta, 12:00 na rana

Na kai wa Ya Khamis filtar. Ya juya ta, ya ce, "Tabɗi. Ashe kin fi mu sanin halinsu." Karon farko ke nan da ya yaba min tun da aka haife ni.

Asabar, 23 ga Agusta, 5:10 na yamma

Mercy matar Mark ta zo gida ba sallama. Na same ta a tsakar gida da zanen coci, ta ƙi zama.

Ta ce, "Hajiya, mijina ba ya cin abinci. Yana zama a bakin ƙofa yana kallon hannunsa. Abu ɗaya na zo tambaya. Sau goma sha huɗu ya kira ki. Me ya sa ba ki ɗauka ba?"

Na miƙa mata hannuwana. Na ce, "Kin taɓa ganin mace ta ɗauki waya da ɗanyen lalle? Kuma ko na ɗauka, daga Mubi zan hura masa filtar?"

Ta ce da na ɗauka, ko wani na sani a Jalingo da zan tura. Na ce da mijinta bai zuba wa motar ubana ruwan kwata ba, da ba a kai ga neman wani ba. Na ce ta je ta yi masa tuwo, ta bar zagaya gidajen mutane. Ta juya ta fita. Ta bar min ƙofa a buɗe, marar tarbiyya.

Lahadi, 24 ga Agusta, 7:00 na safe

Ban ci komai ba jiya. Ulsa ce.

Talata, 26 ga Agusta, 2:20 na rana

Nasrullahi ya kira. Ya yi ta kewaye-kewaye, ya gajiya, ya jikin Baba, ya damina. Daga ƙarshe ya ce ya ji abin da ya faru, ya duba kwamfutarsa, ya ga abin da aka yi wa motar Mark ranar Alhamis ɗin nan, da lokacin da aka yi, da lokacin da aka warware.

Na ce, "To?"

Ya ce, "Hajiya, ana cewa direban ne. Bawan Allahn nan..."

Na ce, "Malam Nasrullahi, wa ya sa wa mota abin kashe inji a ɓoye bai gaya wa direba ba? Wa ya ce kar a gaya musu? In maganar nan ta fita, 'yan tike ba gidan mace za su fara zuwa ba, shagonka za su nema. Kuma wane mai mota ne zai sake bari ka taɓa masa waya ɗaya daga nan har Gombe?"

Ta cikin wayar ina jin fankarsa tana juyawa.

Na ce akwai wani abokin Ya Khamis mai tireloli goma sha ɗaya da ke neman tiraka, na riga na ba shi lambarsa. Ya ce ya gode. Muryarsa kamar ta mai mura. Matsoraci, dama na san ba zai kai ko'ina ba.

Alhamis, 28 ga Agusta, 4:45 na yamma

Ƙungiyar direbobi ta zauna da dangin Bobboi a tike. Ban je ba, Sulaiman ne ya kawo min rahoto. Ba wanda ya matsa wa Mark, shi ya miƙe da kansa ya faɗi komai, har da jarka ukun. Bakari ya tashi zai kai masa sanda aka rirriƙe shi. An yanke ba zai sake yin lodi a Mubi ba. Shi kuma ya ce masarar gonarsa ta Betso ta bana duka ta marayun ce, su je su girbe.

Sulaiman ya ce wani ya tambaya ko dokar tsayawa uku ba ta da hannu a ciki. Shugaban ya ce mai mota na da ikon kafa dokarta, ba doka ce ta kashe inji ba.

Gaskiya ya faɗa. Ba doka ba ce.

Juma'a, 29 ga Agusta, 9:15 na safe

Na sa an rataye filtar a ƙusa a bakin gareji, inda duk direban da zai shiga sai ya gan ta. Daga yau ba wanda zai ƙara yi min maganar lita ɗari.

Lahadi, 31 ga Agusta, 11:30 na safe

Ina ba Baba kunu na ba shi labarin Mark, yadda kowa ya san shi. Ya kawar da kai daga cokalin. Ya yi ta ƙoƙarin magana, abin da ke fita kawai "Ma... Ma..." Hawaye na bin gefen da ya shanye. Na ce, "Baba, sha kunu." Ya ƙi. Na matse masa baki na ɗura, ya ƙware, ya ɓata min riga.

Na daka masa tsawa. Ban taɓa yi ba sai yau.

Talata, 2 ga Satumba, 8:30 na safe

Na goge hannuna da lemon tsami har ya yi ja. Mai lallen nan ko me ta zuba a ciki oho.

Alhamis, 4 ga Satumba, 1:00 na rana

Ya Khamis ya duba gas ɗin da motoci suka sha a watan Agusta. Ya ce ba zancen sayarwa kuma, in ci gaba da riƙewa. Har ya ce in koya wa yaransa na Maiduguri tsarin.

Na samu abin da nake so. Na shiga ɗaki na kulle, na zauna a bakin gado har aka kira la'asar.

Asabar, 6 ga Satumba, 5:40 na yamma

Mark ya zo sallama. Gobe zai kwashe iyalinsa su koma Betso. Ya sa rigarsa ta zuwa coci, ta yi masa yawa yanzu. Mercy ta tsaya a waje, ta ce ba za ta shigo ba.

Ya durƙusa gaban kujerar Baba ya kama hannunsa mai lafiyar. Baba ya riƙe shi gam, sai da na ɓamɓare yatsun. Sannan ya juyo gare ni, bai tashi daga durƙuson ba. Ya ajiye makullin motar a kan tabarma. Ya ce ko ƙungiya ba ta hana shi ba, shi da sitiyari sun rabu, don yanzu ko Keke mai ƙafa uku ya ji ta mutu a hanya sai jikinsa ya kama rawa. Ya ce yana ganin Bobboi a ƙarƙashin motar yana ce masa, "Mark, gwada kuma." Ya ce ya gwada ya fi sau ɗari.

Bakina ya buɗe. Wallahi ya buɗe. Wayar na hannuna, abin da ya rage kawai in juya masa ita ya gani. Sai na ji muryar Ya Khamis a zaure yana waya yana dariya, yana cewa ƙanwarsa ta gyara masa direbobi.

Mark ya ce, "Shekara goma sha tara ban taɓa ɓata wa Alhaji mota ba. Na ɓata a hannunka. Na sa an zagi gidan nan. Hajiya, ka yafe min, don Allah. In ka yafe, ko zan iya barci."

Na ce, "Abin da ka yi ba ƙarami ba ne, Mark."

Ya ce ya sani.

Na ce, "Rai ne fa."

Ya ce ya sani, ya sani. Goshinsa har ƙasa.

Na bar shi a haka na ɗan lokaci. Sannan na ce, "Je ka, na yafe maka. Amma kar in sake ganin ƙafarka a garejin nan."

Ya yi godiya sau uku. Ya ce Allah ya saka min da abin da na yi masa.

Na ce amin, don Baba yana kallona.